Ganau da Na'ura a Gaban Alƙali

Yau kotu za mu shiga, mu zauna a benci, mu saurari shaidu iri biyu. Na farko mutum ne mai cewa da idonsa ya gani. Na biyu na'ura ce: kyamarar tsaro, bayanan kiran waya, saƙon WhatsApp, lissafin kwamfuta. Idan suka saɓa wa juna, wa alƙali zai bi? Wasu za su ce ganau, domin gani ya kori ji. Wasu za su ce na'ura, domin ba ta da dangi balle ta yi son kai. Ni ra'ayin da zan kare a yau shi ne, babu ɗayansu da ya cancanci a fifita shi tun kafin a bincika shi. Abu biyu ke ba shaida nauyi. Na ɗaya, yadda aka adana ta tun daga sa'ar farko. Na biyu, ko da ƙafafunta ta tsaya, ko kuwa jingina ta yi da wata shaidar. Ku riƙe min waɗannan biyun: adana ta farko, da tsayuwa da ƙafafunta. Za mu yi ta komawa kansu.

Mu fara da ganau. Ku ɗauka bayan sallar isha'i ne a bakin titi. Babur ya tsaya, an fizge jaka, an zare wuƙa, babur ya wuce. Duka bai kai daƙiƙa 10 ba. Wanda aka tare yana kallon wuƙar, domin ita ce za ta kashe shi. Fuskar kuwa a gefen ido ya gan ta. Bayan wata 8 sai a kira shi kotu a ce ya nuna wanda ya gani. Zai nuna, kuma zai rantse, kuma har ga Allah ba ƙarya yake nufi ba. To nan gizo ke saƙar. A 1984, a garin Burlington na jihar North Carolina a Amurka, wani ya haura ɗakin wata ɗaliba mai shekara 22, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe. Ita da kanta ta bayyana cewa da gangan ta riƙa nazarin fuskarsa domin ta gane shi idan ta tsira. 'Yan sanda suka nuna mata hotuna 6. Ta ɗauki mintuna tana dubawa, sannan ta zaɓi wani mai suna Ronald Cotton. Aka yaba mata. Daga baya aka jera mata mutane ido da ido, kuma Cotton kaɗai ne a cikinsu wanda ta riga ta ga hotonsa. Ta sake zaɓensa. Aka ce mata ai shi ne na cikin hoton. Kafin a kai ranar shari'a, ba ta da sauran shakka ko kaɗan. Aka yi masa ɗaurin rai da rai. A 1987 aka sake shari'ar, aka kawo mata wani fursuna mai suna Bobby Poole, wanda aka ji yana cewa shi ya aikata. Ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya nuna Poole ɗin ne. Cotton ya fito bayan fiye da shekara 10 a gidan yari.

Ku tsaya mu duba abin da ya faru da ƙwaƙwalwar wannan baiwar Allah, domin nan ne tushen zancen. Mutane na zaton tunawa kamar kunna bidiyo ne. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da nuna ba haka ba ne. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na karon motoci. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna. Wasu aka tambaye su gudunsu lokacin da suka yi kaca-kaca da juna. Fim ɗaya ne, tambayar ce ta bambanta. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. A cikin mutum 50 da aka yi wa tambayar mai zafi, 16 suka ce sun gani. A cikin 50 da aka yi wa mai sauƙi, 7 ne kawai. Alhali babu fasasshen gilashi a fim ɗin ko ɗaya. Tambayar mai tambaya ta shiga cikin abin da suka tuna. Abin da ido ya gani kamar sawun ɓarawo yake a tsakar gida da asuba. Idan aka duba shi kafin kowa ya fito, zai faɗi girman ƙafa da inda aka nufa. Idan maƙwabta suka shigo jaje suka tattake wurin, har yanzu akwai sawu a ƙasa, sai dai ba na ɓarawon kaɗai ba. Kowace tambaya, kowane hoto da aka nuna, kowace hira a majalisa, takawa ce. Saboda haka ne masu bincike na baya-bayan nan, irin su John Wixted da Gary Wells a rubutunsu na 2017, suka ce kada a yi watsi da ganau gaba ɗaya. Idan aka gwada shi karon farko, cikin tsari mai tsabta, kuma nan take ya ce ya tabbata, maganarsa na da ƙarfi sosai. Amma tabbacin da ya zo da shi kotu bayan watanni ba shi ne ma'auni ba. Mintunan da Jennifer Thompson ta yi tana jinkiri a kan hotunan nan su ne shaidarta ta gaskiya. Rantsuwarta a kotu ta zo ne bayan an tattake sawun. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta ƙirga mutum 375 zuwa 2020 da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, ta ce kusan kashi 69 cikin 100 na shari'o'in akwai kuskuren ganau a ciki.

Yanzu mu juya ga na'ura, mu fara da inda ta yi rana. A watan Mayu na 2003 aka harbe wata yarinya mai shekara 16, Martha Puebla, a ƙofar gidansu a Los Angeles. Wani ganau ya nuna Juan Catalan. Aka kama shi, kuma laifin na iya kai shi ga hukuncin kisa. Ya ce shi a daren yana filin wasa da 'yarsa ƙarama, suna kallon ƙungiyar Dodgers. Ya nuna tikiti, aka ce tikiti kowa na iya saya ya ƙi zuwa. Lauyansa ya bi diddigi, ya gano cewa a daren nan masu shirin barkwanci na talabijin, Curb Your Enthusiasm, sun ɗauki wani ɓangare na shirinsu a filin. Ya zauna ya duba faya-fayen da ba a ma saka a shirin ba. Sai ga Catalan da 'yarsa suna wucewa zuwa kujerunsu. Amma ku saurari wannan da kyau, domin shi ake yawan tsallakewa idan ana ba da labarin. Bidiyon shi kaɗai bai isa ba. Lokacin da ke jikinsa ya riga lokacin kisan da tazarar da mutum zai iya barin filin ya isa can. Abin da ya cike giɓin shi ne bayanan wayarsa: kiran da aka yi daf da lokacin kisan ya bi ta ƙarfen sabis da ke kusa da filin wasan. Kyamarar kamfanin talabijin daban, bayanan kamfanin waya daban, babu wanda ya san da zaman wani. Suka haɗu a kan magana ɗaya. Alƙaliya ta sallame shi bayan ya yi sama da wata 5 a tsare. Ga hujjoji biyu da kowacce ta tsaya da ƙafafunta.

A nan mai sauraro zai ce: to malam, ai ka gama magana. Mutum yana mantuwa, yana tsoro, ana sayensa, yana da gaba da wani. Na'ura ba ta cin hanci. Me zai hana a ce duk inda suka saɓa a bi na'ura? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Na'ura ba ta da ƙiyayya. Sai dai ba ta taɓa zuwa kotu da kanta ba. Mutum ne ya kafa ta, mutum ya saita agogonta, mutum ya kwafo abin da ke cikinta, mutum kuma ya fassara wa alƙali. Ku ɗauki bayanan waya. Abin da suke faɗi shi ne, layi kaza ya yi kira ta ƙarfen sabis kaza a lokaci kaza. Ba su faɗi wanda ke riƙe da wayar ba. Gida nawa ne waya ɗaya ke yawo tsakanin miji da mata da yara? Layi nawa ne aka yi rajistarsa da sunan yaya ko baba, ƙane ne ke amfani da shi? Waya nawa ke kwana a shagon mai caji? Sannan ƙarfen sabis ba ya nuna ƙofar gida. Yanki yake rufewa, a birni unguwa ko unguwanni, a karkara kuwa kilomita masu yawa. Kuma ba dole ne waya ta kama ƙarfen da ya fi kusa da ita ba. Cunkoso ko gini ko tudu na iya tura ta ga wani. Kyamarar shago ma haka. An ɗauke wuta, an kawo, agogonta ya koma baya da awa biyu, babu wanda ya lura. Hoton gaskiya ne, lokacin ƙarya. Kada ku ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A 2019, ƙasar Denmark ta gano cewa manhajar da 'yan sandanta ke juya bayanan kamfanonin waya da ita tana zubar da wasu bayanan, kuma wani lokaci ana danganta waya da ƙarfen da ba nata ba. Dole aka sake duba shari'o'i 10,700 tun daga 2012. Aka dakatar da amfani da irin wannan hujja na wata 2. Aka saki mutum 32.

Misali mafi muni kuwa daga Birtaniya yake, kuma ina so mu ɗan daɗe a kansa. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta kawo manhajar lissafi mai suna Horizon, ƙirar kamfanin Fujitsu, ta rarraba wa ƙananan rassanta. Masu riƙe da rassan nan talakawa ne, yawanci masu shago a ƙauyuka da unguwanni. Sai kwamfuta ta fara nuna kuɗi sun ɓace. Su kuma suka ce ba su taɓa ko kwabo ba. Su ne ganau a kan aikinsu, su ke bakin kanta daga safe zuwa yamma. Ba a saurare su ba. Da yawa an ce musu su kaɗai ke da wannan matsala, alhali ɗaruruwa ne. Tsakanin 1999 da 2015 an samu mutum sama da 900 da laifin sata ko zamba ko murɗe lissafi. Wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba. Wata mai suna Seema Misra an kai ta gidan yari a 2010 tana da juna biyu. Sai a 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai masu haifar da giɓin ƙarya, kuma ma'aikatan kamfanin na iya shiga lissafin reshe daga nesa su sauya shi, abin da aka daɗe ana musantawa. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya. A 2024 majalisar dokoki ta yi doka ta soke ɗaruruwan da suka rage. Me ya ba wannan ɓarna damar daɗewa haka? Ɗaya daga cikin dalilai shi ne ƙa'idar da kotunan Ingila ke bi tun wajen shekarar 2000, cewa ana ɗaukar kwamfuta lafiyarta ƙalau sai wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka. Ku yi tunani. Mai shago a ƙauye, ta ina zai nuna kuskuren manhajar da ba a ba shi damar leƙa cikinta ba? An ɗora na'ura a kan mutum tun kafin a bincika ta, abin da aka samu ke nan.

Yanzu mun iso zuciyar shirin, wato abu na biyun da na ce ku riƙe: tsayuwa da ƙafafunta. Alƙali na samun natsuwa idan ganau da na'ura suka yi magana ɗaya, kuma yana da gaskiya. Amma sai ya tambaya: shin kowanne da kansa ya iso ga maganar, ko ɗaya ne ya ari bakin ɗaya? A watan Janairu na 2020, 'yan sandan Detroit suka kama Robert Williams a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu. An ce ya saci agogunan hannu a wani kanti a 2018. Ga yadda aka kai gare shi. An ɗauki hoto maras kyau daga kyamarar kantin, aka ba manhajar gane fuska, wato manhaja mai kwatanta fuska da tarin hotunan da hukuma ke da su. Ta fito da hoton lasisin tuƙinsa. Sai aka sa hoton cikin wasu, aka nuna wa wata ma'aikaciyar kamfanin tsaro. Wannan mata ba ta kantin ranar da aka yi satar. Bidiyon nan dai shi ta kalla. Ta nuna Williams. A takarda sai ya zama hujja biyu: na'ura ta ce shi ne, mutum ma ya ce shi ne. A haƙiƙa hujja ɗaya ce, hoto ɗaya maras kyau, aka ƙirga shi sau biyu. Manhajar aikinta ke nan ta zaƙulo wanda ya fi kama da na cikin hoto, don haka duk wanda aka nuna wa dole ya ga kama. Williams ya yi kimanin awa 30 a tsare, kuma ba shi ba ne. A 2023 aka maimaita irin wannan a birnin, aka kama wata mata, Porcha Woodruff, da zargin ƙwacen mota tana da cikin wata 8. A sulhun da aka yi da Williams a 2024, 'yan sandan Detroit sun amince ba za su ƙara kama mutum ko sa shi a jerin hotuna bisa zaɓen manhaja kaɗai ba, sai da wata hujja mai zaman kanta. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye: binciken da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a ƙarshen 2019 ya nuna yawancin waɗannan manhajoji sun fi yin kuskuren haɗa fuskokin mutane biyu daban idan 'yan Afirka ta Yamma ko ta Gabas ne, ko 'yan gabashin Asiya. Kuma ba sai da manhaja ake irin wannan ba. An yi fashi a unguwa. Kafin gari ya waye wani ya tura hoton wani yaro a zauren WhatsApp, ya rubuta a ƙasa cewa ga ɓarawon. Mutum 5 da suka ga fashin duk sun ga hoton kafin su je ofishin 'yan sanda. Idan suka zo kotu suka nuna yaron, shaidu 5 ne ko hoto ɗaya? Ni a wurina hoto ɗaya ne, sai an nuna min abin da kowannensu ya faɗa kafin hoton ya iso wayarsa.

Bari mu ɗan ratse, domin wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, riga ta zama hujja fiye da sau ɗaya. An kawo wa mahaifinsa riga da jinin ƙarya, tare da bakin 'yan'uwa da yawa da suka haɗu a kan zance ɗaya, cewa kerkeci ne ya cinye shi. Malaman tafsiri sun ambata cewa rigar ba ta yage ba, kuma hakan ya tona asirin labarin kerkecin. Daga baya kuma riga ce da ta yage ta baya ta wanke shi daga zargi. Abu mara rai an yi ƙarya da shi, abu mara rai kuma ya kuɓutar da mai gaskiya, ya danganta da wanda ya riƙe shi da wanda ya duba shi da basira. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan wajen yin hukunci da alamomi, abin da suke kira ƙarina. Ibn Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabar Malikiyya, ya ware wa batun babi a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Kuma kotunan shari'a sun san tazkiyya, wato binciken adalcin mai ba da shaida kafin a karɓi maganarsa. Sun san i'izari, wato ba wanda shaida ta hau kansa damar ya soke ta kafin a yanke hukunci. Abin da nake kira a kai bai wuce wannan ba: a yi wa na'ura tazkiyya, a ba wanda ake tuhuma i'izari a kanta.

To me doka ta tanada? A ɓangaren ganau, akwai shahararriyar shari'ar Turnbull ta Ingila ta 1976, wadda kotunan Najeriya ke yawan kafa hujja da ita. Ta ce idan tuhuma ta rataya a kan gane fuska, a yi taka-tsantsan, domin mai gaskiya ma na iya kuskure. A tambayi tsawon lokacin da ya kalli mutumin, da nisan da ke tsakaninsu, da hasken wurin. A tambaya ko ya san shi a da. A kwatanta siffar da ya fara ba 'yan sanda da siffar wanda ke tsaye a kotu. A ɓangaren na'ura kuma, Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta zo da sashe na 84. Ya ce kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, a nuna cewa ana amfani da ita a kai a kai, tana aiki daidai a lokacin, kuma a kawo takardar tabbaci da sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske take a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, inda ta ƙi karɓar shafukan da aka bugo daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan ba. An kuma yi wa dokar gyara a 2023 don ta ƙara rungumar bayanan zamani. Wannan ya fi ƙa'idar da ta jefa masu gidan wayar Birtaniya cikin bala'i, domin a nan mai kawo hujjar ne ke fara nuna lafiyarta. Amma ina da ƙorafi ɗaya. Takardar tabbaci ƙofa kawai take buɗewa, hujja ta shigo. Ba ta faɗi nauyinta ba. Wanda ya sa hannu sau da yawa ma'aikaci ne da ya san yadda ake danna manhaja, bai san abin da ke cikinta ba. Idan lauyoyi suka ƙare ƙarfinsu a kan ko an kawo takarda ko ba a kawo ba, suka manta tambayar agogo da tambayar wa ke riƙe da wayar, an cika ƙa'ida, an bar gaskiya a waje.

Ga wata suka ta biyu, kuma na san tana zuciyar duk wanda aka taɓa cuta. Idan ganau na kuskure, na'ura ma na kuskure, ashe masu laifi za su riƙa sulalewa ke nan? A'a. Binciken hujja ba ya raunana ingantacciya. Ƙarfi yake ƙara mata. A Disamban 2015, a jihar Connecticut, wani mai suna Richard Dabate ya ce wani mai rufe da fuska ya shigo gidansa ya harbe matarsa Connie. Shi ne ganau ɗaya tilo. Amma matar na sanye da Fitbit, wata 'yar na'ura mai ƙirga takun mutum. Na'urar ta nuna matar tana ta kai-kawo kusan awa guda bayan lokacin da ya ce an kashe ta. Masu gabatar da ƙara ba su tsaya nan ba. Sun haɗa da bayanan ƙararrawar gidan da na waya da na intanet, kowanne daga tushensa. A 2022 aka same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara 65. A kisan da wani ɗan sanda ya yi wa George Floyd kuma, a Minneapolis, ranar 25 ga Mayun 2020, sanarwar farko ta 'yan sanda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta taso masa. Bidiyon da wata yarinya mai shekara 17, Darnella Frazier, ta ɗauka da wayarta ya rushe wannan. Duk da haka a shari'ar 2021 an kira ta ita da sauran waɗanda suka tsaya a wurin, an kawo kyamarorin jikin 'yan sanda, an kawo likitoci, domin bidiyo daga kusurwa ɗaya yake kallo. Kuma kada mu manta, duk ranar da aka ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an rufe fayil, mai laifin na waje. Lokacin da Ronald Cotton ke tsare, Bobby Poole ya ci gaba da cutar da wasu matan kafin a kama shi.

Suka ta ƙarshe ita ce ta kuɗi. Za a ce wannan duk zancen ƙasashe masu ɗakunan gwaje-gwaje ne. Wani ɓangaren haka ne. Binciken cikin manhaja sai ƙwararru. Amma mafi yawan abin da ke kare shaida biro da takarda ne da haƙuri. A raba shaidu kafin su yi hira da juna. A rubuta siffar da kowa ya bayar a ranar farko, da kalmominsa, kafin a nuna masa hoton kowa. Idan za a jera mutane, a sa waɗanda suka dace da siffar, kuma jami'in da ke gudanarwa ya zama bai san wanda ake zargi ba, don kada fuskarsa ta ba da amsa. A gaya wa ganau cewa mai yiwuwa mai laifin ba ya cikin jerin. Da ya zaɓa, a tambaye shi nan take yadda tabbacinsa yake, a rubuta. A ɓangaren na'ura, a kwatanta agogon kyamara da agogon gaskiya ranar da aka kwafi bidiyon, a rubuta bambancin. A rubuta sunan duk wanda wayar ta bi ta hannunsa. A ba lauyan wanda ake tuhuma cikakkun bayanan, har da waɗanda ba su yi wa mai ƙara daɗi ba. Wannan na ƙara zama dole yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa murya da bidiyon bogi, har mai laifi na gaske ma ya samu bakin cewa bidiyonsa haɗi ne. Abin da ke raba gardama shi ne asalin fayil ɗin da na'urar da ta ɗauke shi. Don haka ku da ke gida, idan kuka ɗauki wani abu da wayarku, kada ku yanke shi, kada ku goge na asali don kun tura wa wani. Wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, kuma yawanci bayanan lokaci da wurin da ke tare da shi sun zube a hanya. Hoton fuskar waya ma ba ya maye gurbin saƙon da ke cikin wayar. Duk wanda aka taɓa nuna wa alat na bogi a kasuwa ya san haka. Idan kuma da idonku kuka gani, ku rubuta abin da kuka gani ko ku naɗe shi da muryarku a ranar, kafin ku buɗe zauren unguwa, kuma ku faɗi har abin da ba ku tabbatar ba.

A nan za mu dakata.